Farin Bokitin Sannu-Sannu

A tashar manyan motoci Sannu-Sannu suke ce masa, kuma da farko ba yabo ba ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan tankar mai, har ya ajiye aiki bai taɓa take ko kaza ba. Abokan aikinsa masu zafin ƙafa sun riga shi isa ko'ina, wasunsu har da lahira.

Da matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun ɗauka zai zauna a gari su riƙa leƙa shi. Sai ya tattara ya koma gonar lemon da su biyu suka dasa, can inda kwalta ta ƙare, hanyar ƙasa ma ta kusa gajiya. Ɗaki biyu ne da rijiya, sai wata tsohuwar a-kori-kura mai tari da safe. Maƙwabcinsa mafi kusa, in ka ƙwala masa kira, tsuntsaye ne za su amsa.

Motar ce ta sa zaman ya yiwu. Da ita yake kai lemo kasuwa, da ita yake sayo maganin hawan jini. Kullum a ajiye take hancinta na kallon ƙofar gona, domin a cewarsa wanda ciwo ya kama ba ya iya ja da baya. Kafin ya tayar da ita sai ya kira autarsa, malamar makaranta a gari, ya ce, "Na fito." In ya isa ya sake kira, "Na iso." Ba ya ƙara ko gaisuwa. Auta ta daɗe tana jin haushin wannan rowar magana, kafin ta gane cewa in kira na biyu bai zo ba, ita kaɗai ce a duniya ta san hanyar da za a bi a nemo shi.

Akwai rafi tsakanin gonar da kwalta. In an yi ruwa, yakan tsaya, ya naɗe wando, ya shiga da sanda ya ji zurfin da ƙafarsa. An taɓa ganin ya juyo gida da lemo cike da mota saboda ruwan ya wuce masa gwiwa. Lemon ya ruɓe, shi kuwa ya kwana lafiya.

Sai kuma bokitin. Can ƙarshen gona, a reshen wata busasshiyar bishiya, ya rataye farin bokitin fenti. Kowace safiya, bayan ya sha shayi, yakan tsaya a bakin ƙofa ya duba. In ya hango bokitin, ya ciro makulli daga ƙusa. In bai hango ba, ko hazo ne ko ciwon kai, motar ta samu hutu. Ya taɓa ce wa Auta, yaron da ke shirin tsallaka titi, daga nesa, bai fi wannan bokitin girma ba.

Yayyen Auta, waɗanda soyayyarsu ga mahaifinsu ta fi ƙarfi a waya, suka yanke shawara cewa shekaru sun ja, a karɓe makullin. Kowa ya san karɓe makulli karɓe gonar ne, domin ba mai zama a wurin ba mota. Shi ya sa suka ɗora wa Auta aikin.

"Ke ce ba ya iya yi wa faɗa," in ji babban yayanta.

"Ku kuma ku ne ba kwa iya zuwa," ta ce.

Ta zo a bayan mai babur, da jawabinta a shirye, wanda ta yi ta maimaitawa a hanya. Ta kwana ba ta furta ko kalma ɗaya daga ciki ba.

Da safe ya ajiye kofin shayi, ya tsaya a bakin ƙofa kamar kullum. Tana bayansa da tsintsiya. Gari ya waye tas, bokitin yana can yana ƙyalli a rana, har hannunsa na ƙarfe tana gani. Tsohon ya daɗe a tsaye. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya sa tafin hannu ya tare rana.

"Auta," ya ce, bai juyo ba, "iskar jiya ta kayar da bokitin nan ne?"

Abin da aka aiko ta ta yi ya zo ya same ta har ƙofa, ba sai ta yi jawabi ba. Kalma ɗaya ce ta rage. Ta dubi ƙeyarsa, ta dubi layin itatuwan da mahaifiyarta ta yi ta ba ruwa da tulu, sai ta ji bakinta ya ce:

"Ya faɗi, Baba."

"To," ya ce. "Bari in je in mayar."

Ya ɗauki sandarsa ya kama hanya tsakanin itatuwan, ba gaggawa. Tana tsaye tana kallonsa yana ƙanƙancewa, har shi ma ya koma kamar yaro a bakin titi. Ta ga ya isa gindin bishiyar, ya ɗaga kai, ya miƙa hannu ya shafa bokitin a inda yake rataye. Bai mayar da komai ba, domin ba abin mayarwa. Ya sauke shi, ya juyo.

Da ya iso bai yi maganar ƙaryar ba. Ya wuce ta, ya ciro makulli daga ƙusa, ya jefa cikin bokitin, ya miƙa mata.

"Baba, ai a gari akwai likitan ido. A canja tabarau kawai, ka dawo."

"In likita ya gyara, za mu dawo mu rataye shi mu gani. Likita ba shi ne alƙali ba." Ya nuna bokitin da haɓa. "Uwarki ma haka take, in ta tausaya wa mutum sai ta manta da sauran mutanen da ke kan hanya."

Ta tsaya rungume da bokitin fenti, tana tunanin mutumin da ba mai kallonsa, ba ɗan sanda, ba shaida, ya kafa wa kansa kotu a bakin ƙofa, kuma da hukunci ya faɗo kansa bai ɗaukaka ƙara ba.

Ya zagaya ya ba itatuwan ruwa, ya rufe rijiya, ya haɗa kayansa a jaka ɗaya. Sannan ya buɗe ƙofar fasinja, ya tsaya yana duban kujerar kamar baƙon da aka nuna wa ɗakin kwana, kafin ya zauna.

"Kira yayanki, ki ce mun fito."

"Ai muna tare, Baba."

"In muka faɗa rami, tare za mu faɗa. Kira shi."

Ta kira. Suka kama hanya, tana tuƙi, yana gyara mata giyar mota da baki. Da suka iso rafi, ruwan bai kai ya jiƙa idon sawu ba, ana ganin tsakuwa a ƙasa. Ta rage gudu za ta wuce. Ya yi gyaran murya, ya miƙo mata sandar.

Ta kashe mota, ta cire takalmanta masu kyau, ta shiga ruwan.