Rasaki Mai Rediyo da katunan takin da rubutunsu ya goge

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar abokina Rasaki, wanda mutanen Funtua suka fi sani da Rasaki Mai Rediyo. Iyayensa Yarbawa ne 'yan kasuwa da suka zauna kusa da tashar jirgin ƙasa. A nan aka haife shi, Hausar bakinsa kuwa ta fi tawa gishiri. Gyaran rediyo ya koya, amma duk abin da ke cin wuta, in ya gagara, shagonsa ake kaiwa.

Abin da ya ɗaure ni da shi ya faru ne a ƙarshen shekarun tamanin. Lokacin ni ne mai buga takardu a ofishin wata ƙungiyar manoma. Shugabanmu, Alhaji Lawal, ya sayo kwamfuta da firinta na hannu daga Legas, irin firintar da ke aiki da garin tawada. Gab da damina aka ce in buga katin karɓar taki, kowane manomi da sunansa da yawan buhunansa. Na buga a kan kati mai kauri, aka raba a Bakori da Tsiga, na koma gida ina jin kaina.

Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, sai ga mota cike da manoman Tsiga a ƙofar ofis. Kowa ya zaro katinsa daga aljihu, rubutun ya goge, sai baƙin dabbare kamar an shafa gawayi. A rumbun taki an ƙi karɓa. Wani dattijo, Malam Idi, ya nuna ni da sanda ya ce na ba su katin bogi ne don in karkatar da takinsu, ga hadari ya fara haɗuwa. Alhaji Lawal bai zage ni ba. Cewa ya yi, “Hamisu, ba ni makullin ofis tukuna.” Wannan ya fi mini zagi ciwo.

Ban san lokacin da ƙafata ta kai ni shagon Rasaki ba. Ya saurare ni har na gama, ya murza katin da na kawo masa da ɗan yatsa, ya duba yatsan. Ya ce bai taɓa buɗe irin wannan na'ura ba, amma ya sha gyara injin fotokwafi, kuma uwarsu ɗaya. Ya ɗauki mitarsa ta auna wuta da sukundireba, muka koma.

A gaban Alhaji da manoman ya sa na buga kati ɗaya. Da ya fito, sai ya manna shi a kumatunsa. Ya ce, “Alhaji, wannan katin ɗumi kawai ya yi. Kamata ya yi ya fito da zafi kamar rigar da aka gama gogewa.” Ya yi bayani cewa tawadar gari ce, a can bakin fita akwai wani bututu mai fitila a ciki, shi ke narkar da garin ya kama takarda. In zafin bai kai ba, garin zama kawai yake yi a sama, gumin aljihu ya isa ya share shi.

Bai yi gaggawa ba. Ya auna wutar bango, ya ga ta yi ƙasa, domin layi ɗaya muke da mai walda na maƙwabta. Ya kashe na'urar, ya bari ta huce, ya buɗe. Bakin fitilar, inda take karɓar wuta, ya yi tsatsa. Ya kankare shi, ya goge ɗan ƙarfen da ke jin zafin bututun, ya mayar da komai. Sannan ya je da kansa ya roƙi mai walda ya dakata na awa biyu, ya kuma ce in bar katin nan mai kauri, domin shanye zafi yake yi.

Takardar farko da ta fito, Malam Idi ya miƙa wa. Dattijon ya murza, ya tofa yawu ya sake murzawa, ya goga a gwiwar wandonsa. Sunansa na nan daram. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, “Ɗana, na ɗauki alhakinka. Ka yafe mini.” Alhaji ya ajiye mini makullin a kan tebur. Ni kuwa na zauna a ƙasa ina dariya, hawaye na zuba. An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, amma ranar na gane gaskiya ma tana bukatar wanda zai fito da ita fili. Kafin la'asar kowa ya tafi da sabuwar takardarsa.

Yau firinta ta cika gari, kowane lungu akwai shagon buga takardu. Kwanan baya na ga wani matashi tasa tana ƙona takarda, bai ko leƙa ciki ba ya ce sai an sayo sabon bututu daga Kano. Na tuna Rasaki. Na san zai yi sha'awar saurin na'urorin yanzu, shi da ba ya gajiya da sabon abu. Amma zai tambayi matashin ko ya auna wutarsa, ko ya duba takardarsa, kafin ya yanke wa na'ura hukunci. Rashin sani ya fi dare duhu, yakan ce, kuma yawancin mutanen da ake zargi da ha'inci, ba a tsaya an bincika ba ne.

Rasaki bai bar gida mai bene ba, shagonsa ma yanzu sayar da katin waya ake yi a ciki. Abin da ya bari, ni ne shaida. Na yi shekara talatin ina shiga kasuwar Tsiga ba wanda ya nuna ni da baki. Bayan shekara biyu da ranar rikicin katunan, Malam Idi ya ba ni auren 'yarsa, Rasaki ne ya tuƙa motar 'yan ɗaurin aure. Ɗanmu na fari Abdurrazaƙ muka sa masa, cikakken sunan abokina, amma kakansa har ya rasu Rasaki yake kiransa.

Allah Ya haskaka kabarinka, abokina.