Jikan Kambao da sunan Tumu

A duk tsaunukan Enga ba a yi mutumin da ya tsani jin sunan ɗan baffansa kamar Kambao ba. Tare suka tashi da ɗan baffan nasa Tumu, tare suka yi kiwon aladu, amma yau Tumu ake yi wa waƙa, Kambao kuwa sai dai a ce masa sannu da aiki.

Ba shi da neman fitina, wannan kowa ya shaida. Sau ɗaya ya ɗauki baka a rayuwarsa, shekarar da mutanen ƙetaren rafi suka tumɓuke shukar iyaka, suka mamaye gonar dankalin mahaifinsa. An aika musu, sun yi kunnen uwar shegu. An sake aikawa, suka kori 'yan aiken da jifa. A zauren maza Kambao ya miƙe ya ce, "Mun yi magana har bakinmu ya bushe. In muka bar gonar nan, me yara za su ci, iska?" Aka fita yaƙi, gonar ta dawo, ƙannensa biyu ba su dawo ba.

Tumu ko kibiya ɗaya bai harba ba. Uwarsa 'yar ƙetaren rafi ce, kuma mutum ba ya harbin kawunnansa. Sai ya yi ta kai da komo tsakanin ɓangarorin biyu ba mai taɓa shi, har aka yanka aladun sulhu. Tun daga ranar ya zama uban zaman lafiya.

"Zaman lafiyar me?" in ji Kambao, duk sanda aka taso da zancen. "Mu muka sha kibiya, shi ya sha romo. Jaruntar tasa ai a nonon uwarsa ya tsotso ta!" Kishi ne ke cin sa, kuma shi ma ya sani.

Abu ɗaya ya rage masa: Lepa, 'yarsa tilo, tana da ciki. In namiji ne sunansa zai ci, ko bayan ransa a riƙa kiran Kambao a gonar nan. Namijin kuwa aka haifa. Kambao ya hau tudu zuwa gidanta da sandarsa yana haki, aka miƙa masa jaririn.

"To, yaya sunan takwaran nawa?"

Lepa ta sunkuyar da kai. "Tumu ne, Baba."

"Tumu? Ke, dankalin da ya raine ki, Tumu ne ya ƙwato shi? Ko yaƙin namu zalunci ne?"

"A'a, Baba, da gaskiyarku kuka fita. Amma ni ɗan da zai binne ni nake so, ba wanda zan binne ba."

Kambao ya daɗe yana kallon fuskar yaron. Bai mayar da shi ba, ya ƙara rungume shi. Har ya koma ga Mahaliccinsa, "kai, yaro" yake ce masa.