Watan da Muka Kalla ta Bayan Katanga

Shekara da shekaru ina hawan dabino a wata gona da yayana yake wakilci a unguwar Awali ta Madina, ban taɓa ɗaga masa murya ba sai a kan wani ɗan ƙasar Sin.

Maƙwabcina ne a unguwar Ƙurban, Musulmi, ɗalibi a jami'a. Sahu ɗaya muke bi a masallacin Ƙuba. Shi yana fama da Larabci, ni ina fama da karatun da na fara da furfura, saboda haka ba mai yi wa wani dariya. Shi ya ba ni labarin garinsu. Wai akwai kogin da in kaka ta yi, wata ya cika, sai ruwan teku ya kutso cikinsa, ya miƙe kamar bango, yana gudu baya-baya. Jama'a su cika gaɓa suna kallo. Da yamma kuma kowane gida su taru, su ci wata waina mai zagaye, su kalli wata tare.

A waccan shekarar ya yi wa tsohuwarsa alkawari zai nuna mata watan a waya, a saman dabinon Madina. Darensu yana riga namu nisa, amma ta ce za ta jira. A Ƙurban benaye da fitilu sun cinye sama. Na ce masa, "Wannan ai mai sauƙi ne. Gonarmu."

Muna idar da magariba na ɗauko shi a motar gona. Muka tarar da Yaya a bakin ƙofa.

"Ina za ka da baƙo?"

Na faɗa masa.

"Kallon wata? A garin Manzo za ka kawo mini bautar wata?"

"Haba Yaya, wa ya ce bauta? Kai ba ka ɗaga kai sama daren da ake neman watan azumi?"

"Wannan daban. Yalla, juya."

Abokina bai ji Hausar ba. Sai ya miƙa masa wainar da ya zo da ita da hannu biyu, yana murmushi. Yaya ya mai da hannuwansa baya.

"Me aka zuba a ciki? Mutanen da ba abin da ba sa ci!"

Da ya tsaya a Hausa da na haɗiye. Amma ya maimaita da Larabci, a hankali, don baƙon ya ji da kyau. Dabinon da ke cikin wainar nan kuwa na gonar ne. Ni na hau na yanko shi, ni na kai wa abokina, ya kwaɓa da hannunsa.

Na ce, "Yaya, ka ji kunya! Mu da aka sha yi wa kallon banza a garin nan, yau kai ne kake yi wa wani?"

Ya datse ƙofa.

Wayar abokina tana ta ƙara, shi kuma yana cewa mu koma, ba komai. Na ƙi. Na zagaya da motar bayan katanga, muka hau bayan motar muka tsaya a kan buhunan taki. Ga watan nan ya leƙo ta saman dabino, jajir, ƙato. Ya ɗaga wayar. Sai ga tsohuwa da farin mayafi, carbi a hannu, idanunta duk barci. Ta yi mini sallama irin tamu sak. Ta ga watan, ta ga dabinon, ta fashe da kuka. Daga baya ta turo hoton ruwan da ya taso a koginsu ranar, muka kalla muna cin waina.

Washegari Yaya ya ce, "Kalas, ya wuce." A wurinsa ya wuce. Ina gaishe shi, ina hawa masa dabino. Amma abokina har ya gama karatu ya koma gida bai ƙara yarda na bi da shi ta hanyar Awali ba.