Ratiba da Dauɗar Sulken Ƙanenta

Rigima ɗaya tak Ratiba ta taɓa shan kaye a cikinta, kuma a kan tukunya ce.

Tukunyar ta uwarsu ce, babba, wadda ake dafa miyar lalo da naman zomo ranar Juma'a. Wata Alhamis Ratiba ta dawo daga kasuwa ta tarar da ita a kan wuta tana tafasa, ƙanenta Wagdi yana tsaye a kanta da safar hannu, yana tsoma wata farar cinya a ciki. Cinyar roba ce, ta sulken da yake haɗawa. Wai sai ta sha ruwan zafi take laushi, ya lanƙwasa ta daidai da tasa cinyar.

"Wagdi! Ƙafa a tukunyar Mama?"

"Ba ƙafa ba ce, Abla, cinya ce." Haka yake kiran ta, Abla, wato Yaya.

"To madalla, yanzu hankalina ya kwanta."

Ta wanke tukunyar sau bakwai kamar wadda kare ya lasa. Washegari ta yi miya a ciki, ta tara dangi don su shaida cewa warin roba ya kama ta. Sai Hilmi, mijin ƙanwarsu, wanda hancinsa ya mutu tun yana aiki a kamfanin taba, ya ƙara sau uku, ya lashe cokali, ya ce rabonsa da cin miyarta mai daɗin ta yau shekara ashirin.

"Me kika ƙara a ciki?"

Wagdi bai ɗago kai daga kwanonsa ba ya ce, "Cinya."

Aka bushe da dariya. Ratiba ta tashi ta shige kicin, kwana uku ba ta yi wa kowa magana ba.

Ku da ba ku san ta ba, telar amare ce a unguwar Muharram Bey ta Iskandariyya. Shekara arba'in tana cusa 'ya'yan mutane cikin rigunan da suka yi musu kaɗan, ba a taɓa jin zare ya tsinke ranar biki ba. Mace ce da ke wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi. Uwarsu ta rasu tana da shekara sha tara, Wagdi yana da bakwai, don haka ita ta share masa majina, ta cuɗa masa wuya, ta tsefe masa ƙwarƙwata. Ta yi aure, mijin ya yi shekara talatin yana tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya rasu bai taɓa ganin gadonsa a yamutse ba.

Shi kuwa Wagdi mai yankar tikiti ne a jirgin cikin gari. Shekarar da ya yi ritaya matarsa Ansaf ta rasu. Ya kulle ɗakinsu, ya rataya makullin a wuya, ya koma kwana a falo. Da safe ya zauna a kujerar bakin taga, da yamma yana nan. Shekara biyu cur. Ratiba ta tattara ta dawo gidan don kada ya ruɓe a zaune. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta kawo masa hotunan zawarawa, a banza. Kujerar har ta yi rami daidai mazauninsa.

Abin da ya tashe shi ba likita ba ne, ba malami ba ne. Wasu garada ne ya hango a bakin teku sanye da farin sulke da kwalkwali, irin na sojojin wani fim na yaƙin sararin sama. Ƙungiya ce da su, akwai likitan haƙori, akwai ma'aikacin banki, mutane masu 'ya'ya da furfura. Suna zuwa gidan marayu da ɗakin yara a asibiti ana ɗaukar hoto da su. Wagdi ya dawo gida yana haki kamar ya ga aljanna. Ya yi odar roba, ya cika falo da warin gam da ƙurar samfefa.

Sai dai ba a shiga ƙungiyar da fatar baki. Suna da kundin ƙa'idoji, suna da mai duba sulke, wani Injiniya Midhat. Sai ya auna kowace gaɓa, ya ɗauke ka hoto ta gaba, ta baya, ta gefe, hannu a sama, sannan ya sa hannu. Sau biyu yana mayar da Wagdi. Na farko, cinyoyin suna karo da juna in ya yi tafiya. Daga nan ne tukunyar Mama ta shiga uku. Na biyu, tumbinsa ya ture farantin ciki, har ana ganin baƙar rigar ciki ta gefe, faɗin yatsu huɗu.

Ranar da ya dawo daga na biyun ya ajiye kwalkwali ya ce, "In ya sake mayar da ni, Abla, mai sayen tarkace zan kira ya kwashe. Na huta."

Ratiba ta dubi sulken, zuciyarta ta tashi. Ta dubi ramin kujerar, ta fi tashi. Ta ɗauko tef ɗin awonta.

"Sa shi in gani."

Watan Agusta ne fa, jama'a. Mutum mai tumbi, cikin baƙar riga mai manne wa jiki, a cikin roba. Minti goma kawai ya yi a tsaye, da ya ɗaga hannu sai da ta dafa bango don wari. Da ya tuɓe takalmin sai ya tsiyaye gumi kamar ana juye buta. Ta jiƙa hankici da turare ta ɗaure hanci, ta yi aikin a haka kamar mai wankan gawa.

"Akuyar da ta kwana uku da mutuwa ta fi ka ƙamshi."

"Sojoji ne, Abla, a filin daga suke."

"Shi ya sa suke cin yaƙi. Wa zai matso kusa?"

Ta buɗe akwatinta ta zaro ɗamarar matse ciki da ta taɓa ɗinka wa 'yar wani mahauci. Ta naɗa masa, ta kafa gwiwa a bayansa, ta ja igiya.

"Abla, numfashi!"

"Amaren da suka fi ka ƙiba sun yi rawa a cikinta har aka tashi biki. Haɗiye cikin."

Tsagar gefe ta rufe ruf. Ta cire maɓallan da ya liƙa a karkace, ta sake dasa su, ta rage tsawon maɗauran kafaɗa, ta goge bakin cinyoyin da samfefa har suka daina cizon sa. Kwalkwalin da ke rawa a kansa kamar ƙwarya a kan tabarya, ta cusa masa soson kafaɗar rigar amarya, ya zauna daram. Mako guda suna wannan aiki. Wagdi ya dubi kansa a madubi, ita kuma ta buɗe duk tagogin gidan.

Aka sa ranar Juma'a bayan la'asar Injiniya zai zo gida ya duba. Da hantsi Wagdi ya tafi aski, daga can ya wuce masallaci. Ratiba ta shigo falo ta ga sulken a shimfiɗe, sai yau ta dube shi da idon mai jiran baƙo. Ƙirjin duk jirwaye, kafaɗu duk ja-ja, kamar an ja shi a kwata. Ta daɗe tana ganin wannan ƙazanta tana haɗiyewa, amma baƙo ya shigo gidan da take ciki ya ga haka? A ce me? Ta kawo soso da sabulu da lemun tsami. Awa biyu tana dirza. Dauɗar ta yi taurin kai, ita ma ta yi. Da ta gama, sulken yana ƙyalli kamar farantin baƙi.

Wagdi ya shigo da sallama, ya hango sulken, ya tsaya cak.

"Abla... ina dauɗata?"

"Tana kwata, inda ya dace da ita. Ba sai ka gode ba."

Ashe fenti ne. Sojojin da yake kwaikwayo masu sintirin hamada ne a fim ɗin, kuma ƙa'idar ƙungiya ta ce sulkensu dole ya yi dauɗa. Mai tsabta ba ya wucewa. Mako uku ya yi da ɗan burushi yana zana ta, shafi bisa shafi, kowane sai ya bushe. Saura awa biyu Injiniya ya iso.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi ma da sauƙi. Ya taka a hankali ya je ya zauna a kujerar bakin taga, ramin ya karɓe shi kamar jiya suka rabu.

Ratiba ta tsaya da soso a hannu. A duniya an ce akwai ƙungiyar da ke korar mutum don ya yi tsabta! Ta yi tsaki mai tsawo, sannan ta miƙa masa tafin hannu.

"Ba ni makullin ɗakin can."

"Abla, ɗakin Ansaf ne."

"Na san na wace ce, ni na ɗinka mata labulen. Dauɗa kake so, ko ba ka so?"

Ya cire igiyar makullin daga wuyansa ya miƙa mata.

Ƙurar shekara biyu ta kwanta a kan kabad kamar bargo. Ratiba, wadda ba ta taɓa kama tsumma ba safar hannu ba, ta sa hannu tsirara ta kwashe ta cikin kwano. Ta zuba guntun kofin safe, ta kankaro baƙin gindin tukunyar Mama, ta ɗiga gam kaɗan don ya kama, ta kwaɓa. Ta sa Wagdi ya shiga sulken, ta fara shafa masa tana yunƙurin amai. Ba ta bi ƙirji ba. Ta bi ƙasan haɓa, hammata, kan gwiwa, bayan dunduniya, da gefen ciki inda namiji ke goge hannu in ya ci abinci ba mai kallon sa.

Injiniya Midhat ya iso bayan la'asar, siriri, yana ƙamshi, da rula a aljihu. Ya sa yatsa a gefen cikin Wagdi, bai sami tsaga ba. Ya ce ya yi tafiya, cinyoyi ba su yi karo ba. Ya ce ya ɗaga hannu, nan take Injiniya ya ja da baya taku biyu. Sai ya zaro waya ya buɗe hoton sojan fim ɗin, ya ɓata fuska.

"Awo ya yi, Malam Wagdi. Amma dauɗar nan akwai magana. A hoto a ƙirji take, a baje. Wannan kuwa a lungu-lungu. Wane fenti ne ma?"

Daga cikin kwalkwali aka ji wata murya ƙasa-ƙasa tana neman abin cewa. Ratiba ta dire tiren shayi.

"Ni na shafa."

"Sannu da ƙoƙari, Hajiya, amma abin yana da ilimi. Ana so ido ya gani ya ce dauɗar gaske ce. Wannan ba ta yi kama da ta gaske ba."

"Ba ta yi kama ba?"

"Ko kaɗan. Ni shekara shida ina nazarin wannan fanni."

Kafin shayin nan ya huce Injiniya ya ɗauki hotunansa ya sa hannu a takarda, kuma Juma'ar da ta biyo Wagdi ya bi 'yan ƙungiya gidan marayu, yana tafe yana ƙara kamar kwanuka a buhu. Kujerar ce aka bai wa mai sayen tarkace. Abin da ya kashe gardamar kuwa ba shi da tsawo. Ratiba ta gyara mayafinta ta ce:

"Ɗana, wa ke wanke maka kaya?"

"Mahaifiyata, Hajiya."

"To ita ce mai ilimin, ba kai ba. Shekara hamsin ina kankare dauɗar wannan mutumin, na san duk lungun da take kwana a jikinsa. In kuma har yanzu kana shakkar ta gaske ce, Wagdi, ɗaga masa hannu ya sa hanci."