Farin Tabon Da Ba Ya Ciwo

A lokacin ni manomin rake ne a bakin tafkin Gidimuni, magidanci mai ƙarfi a jika, wanda bai san hanyar asibiti ba sai in an je gaida wani. Tun ina saurayi nake cusa garin taba da kanwa a kuncina na hagu, kamar yadda na tarar manya na yi a lambu. Taba na kunci, hannu na aiki, shi ke nan rayuwata.

Matata ce ta fara ganin abin, ina dariya ta ce in tsaya in buɗe baki. Wani farin tabo ne a cikin kuncin, kamar an shafa alli. Na goge da tsumma bai fita ba, na kurkure da ruwan bagaruwa bai gusa ba. Ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi. Ta yi ta mita har na gaji, ranar da na kai rake Damagaram na biya asibiti don dai in huta da bakinta.

Lokotoro ya ɗan yanki naman wurin ya aika Yamai a yi masa analis, wato gwaji. Da sakamako ya dawo, ya ce mini in gode Allah ba ciwon daji ba ne. Ban gama hamdala ba ya ƙara da cewa amma irin tabon nan kan rikiɗe ya zama shi. Wai akwai wasu sinadaran furotin da ake dubawa cikin naman don a kintaci wane tabo ne mai haɗari, kuma nawa ya nuna alamar da ba ta kwanta masa ba. Na tambaye shi to zai zama ko ba zai zama ba? Ya ce ba wanda zai rantse mini, gwajin nan hasashe kawai yake bayarwa, masana ma suna kan bincike. Ya ce in bar taba kwata-kwata, ya ba ni randebu, wato ranar da zan dawo a cire tabon.

Wallahi na fito kaina ya ɗaure tamau. Ni mai lafiya ne ko majinyaci? A garinmu wanda ke cin tuwo yana noma ba a yi masa sannu. Yaya za a yanka mutum don cutar da ba ta zo ba? A mota na yi ta juya zancen, na rasa wane rabinsa zan kai gida. Na kai mai daɗin, matata ta dafa sadaka, aka yi mana barka.

Tabar kuwa sai na yi mata dabara. Na ce tunda hagu ne ya gaji, bari in hutar da shi, na mayar da ita kuncin dama. Har wani daɗi nake ji wai na yi wayo. Randebu ya zo daidai da saran rake, ban je ba.

Da na koma asibiti, ba mita ce ta kai ni ba, jini na gani a jikin raken da nake sha. Hagun ya riga ya zama abin da aka ji tsoro, dama kuma ya fitar da nasa farin. An yi mini aiki, an cire nama mai yawa, Allah ya sa da sauran kwana. Bakina bai ƙara buɗuwa yadda yake ba.

Har yau ban gama fahimtar gwajin nan ba, ina dai ganin kashedi ne aka yi mini da wuri, ni kuma na tsaya jiran ciwo ya shaida. Ƴan'uwa masu cusa taba, in kun ga fari ko ja a baki ya ƙi tafiya, ku je a duba, in an ce ku dawo ku koma ko da ba ku gane ba. Ni ga shi ina noma raken da duk kasuwa ke yabo, sai matata ta matse mini ruwansa a kofi kafin in ji zaƙinsa.