Gayyar da Aka Yi wa Maccido

Shekara talatin Maccido na Garu yana bayani ɗaya, har bakinsa ya gaji. Filin da ke bayan gonarsa ba saura ba ne, kiwonsa yake yi. Kowane kututturen sabara ko kalgo, tsiro uku yake bar masa, ya sare sauran. Bana ya rage wannan gefe, baɗi wancan, don rana ta sami ƙasa. Da haka yaɗiya da tafasa da gamba da rai-ɗore suka dawo, bayan sun ɓace a karkarar.

Mutane kuwa rago suke ce masa, tunda a wurinsu manomin kirki shi ne mai fili fes. Matan da ke masa dariya su ne ke cika zane da tafasarsa. Wannan abu yana ci masa rai ƙwarai.

Sai yanar ido ta rufe masa gani, aka kai shi Sakkwato aikin ido. Surukinsa Sahabi, mijin 'yarsa, ɗan kasuwa ne mai kai kaya Ƙonni, ga kirki, ga rashin tambaya. Ya ce ba za a yi da shi ba, a ce tsoho na kwance filinsa ya zama daji. Ya kira gayya, ya yanka akuya, majiya ƙarfi arba'in suka yi sassabe suka sa wuta.

Ranar da Maccido ya dawo da sabon ido, can aka fara kai shi. Toka ya gani tas, har bakin hanya.

"Mi ankai nan?" ya tambaya.

"Gyara munka yi maka, Baba," in ji Sahabi, yana washe baki.

Ina ake yi wa suruki faɗa, ga jama'a tsaye suna jiran godiya? Maccido ya haɗiye abin da ya taso masa. Ya lallashi zuciyarsa: sabara ba ta mutuwa don sara, in kututture na nan, damina uku ta isa.

"Allah shi yi albarka," ya ce da ƙyar.

"Amin, Baba. Kuma kak ka damu, ba su sake tsirowa. Har kututturan munka tone, kwana huɗu muna yi."

Maccido ya daɗe yana kallon ramukan. Bai taɓa ganin abu sarai haka ba. Ya juya wajen matarsa Lubabatu, ya miƙa mata hannu kamar yadda yake yi kafin aikin idon.

"Ja ni gida," ya ce.