Hira a bayan ƙeya

A layinsu babu wanda ya kai mai faci surutu. Hannunsa na cikin bahon ruwa yana laluben inda taya ta huje, bakinsa na kan labarin da ba wanda ya tambaye shi. Masu kawo keke sukan ce a rumfarsa faci biyu ake buƙata, ɗaya a taya, ɗaya a bakin mai rumfar.

Autarsa tana jaririya shawara ta kama ta, ta taɓa mata ƙwaƙwalwa, gaɓoɓinta suka sandare. Ba ta zama sai an tokare ta, magana kuwa babu. Hankalin kowa ya tafi kan ƙafafu, har da nasa. Ya samo tsofaffin tayoyi da kujerar roba ya haɗa mata keke, ya sa mariƙi a baya. Shi ke tura ta asibiti gashin ƙashi, shi ke kai ta rumfa ta wuni a inuwa. Duk tsawon hanya yana zuba mata labari: ga mai nama can, ga karen da ya yaga wa tela wando.

Auta ba ta taɓa kula shi ba. Amma da zarar uwarta ta durƙusa a gabanta da cokali, sai dariya har da wangale baki. Abin ya ci masa rai. Ƙato da gemunsa, yana kishi da matarsa a kan yarinyar da ko kofi ba ta iya riƙewa!

"Wannan 'yarki ce," ya ce mata wata rana. "Ni ai direba ne."

"Haba malam, ka ji tsoron Allah. Yarinya ba lafiya?"

"Ba lafiyar ma ta san wanda take so."

Daga ranar ya ɗinke bakinsa. Yana tura ta, amma kamar mai tura buhu. A rumfa sai ya ajiye ta gefe, ya juya wa abokan hira. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, yana nan kan bakansa.

Wata safiya yana ba wata tsohuwar taya iska, sai ta fashe dab da kujerar Auta. Mai tayar ya daka tsalle, kaji suka watse, tela ya leƙo daga shagonsa. Auta tana kallon wani zare da ke lilo a jikin rumfa, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Washegari ya tura ta asibiti a duba kunnenta.

Likitar kunne ta gama gwaji ta ce, "Baba, wannan lalurar ba ta cika zuwa ita kaɗai ba. Wani yaron ido ne, wani farfaɗiya, wani haɗiye abinci. Ita kunne ne. Fuska take karantawa."

"To wanda ke bayanta fa?"

"Ba ta san yana magana ba."

Da ƙasa za ta tsage, da ya shige. Bai taɓa jin kunyar kansa irin ta ranar ba. Ya yi gaba da 'yar cikinsa a kan laifin da ba ta yi ba, ya hana ta fuskarsa, alhali fuska kaɗai take fahimta.

Ranar da aka maƙala wa Auta na'urar ji, likitar ta ce ya kira ta. Sabo turken wawa, yana riƙe da mariƙin keken ya ce, "Auta!"

Yarinyar ta zabura, ta fashe da kuka.

"Baƙuwar murya ce a wurinta," in ji likitar. "Zagayo."

Ya zagayo ya durƙusa, gwiwoyinsa a kan siminti. "Ni ne. Babanki ne. Ki yafe mini."

Ba ta san ko kalma ɗaya a cikin abin da ya faɗa ba. Ta kafe bakinsa da ido, kukan ya tsaya, ta yi masa dariya. Shi ya karɓi kukan.